An ce Mama kansar huhu ce, mu jira gwajin EGFR ko mu sayi ƙwayar kawai?

Autar Mama:
Assalamu alaikum yan uwa, dan Allah shawara nake nema kuma ku yi haƙuri rubutun zai ɗan yi tsawo. Mahaifiyarmu ce, shekararta 58, tun bayan babbar sallah take wani busasshen tari da baya tsayawa, ga rama ga haki ko shara ta ɗan yi sai ta zauna. Muka kaita asibiti akayi hoton ƙirji akace tarin fuka ne duk da gwajin kaki bai nuna komai ba har sau biyu, haka aka ɗora ta kan maganin tibi wata huɗu cur ba fashi, ni da kaina nake bata kullum da asuba, amma maimakon sauƙi sai ta fara kukan bayanta da daddare ko juyi bata iyawa. Da muka canja asibiti akayi sikanin, aka zuƙe ruwa a ƙirjinta, aka ɗebi tsoka da allura aka kai lab. Jiya likita ya zaunar damu ni da Yaya yace kansar huhu ce mataki na huɗu kuma ta taɓa ƙashin baya. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, matar da ko warin sigari bata so.

Likitan yace akwai wata ƙwaya da ake sha ɗaya a rana a gida ba sai an kwanta anyi kemo ba, amma sai an tura tsokar anyi wani gwaji wai shi EGFR, zai ɗau sati biyu zuwa uku kuma kuɗinsa ba kaɗan bane. Yaya yace ɓata lokaci ne da ɓarnar kuɗi, yana da wanda zai kawo mana ƙwayar cikin kwana uku, kuɗin gwajin ma a ƙara a sayi magani. Wlh gidan ya rabu biyu, ni na rasa ina zan sa kaina. Wanda ya san abin nan dan Allah ya taimaka.

Maman Ƴan Biyu:
Wa alaikumus salam. Subhanallah, Allah ya bata lafiya yasa kaffara ne. Sannu ƙanwata.

Abban Khalifa:
Allah ya bata lafiya. Ni gsky ina bayan yayanku. Mutum na kwance yana haki ace a jira sati uku? An riga an ɓata wata huɗu ana bata maganin cutar da bata da ita, yanzu kuma a ƙara wani jiran. Tunda an san sunan maganin a saya a fara, in ya karɓe ta alhamdulillah, in bai karɓe ta ba a canja. Da babu gara ba daɗi.

Likita a Ingila:
Wa alaikumus salam ƙanwata, sannunku da jinya, Allah ya ba Mama lafiya. Ɓangaren ciwon daji nake aiki kuma irin wannan muna gani duk sati, bari in yi bayani daidai gwargwado, amma ki riƙe cewa likitan da ya ganta ya ga hotunanta shi ne mai magana ta ƙarshe ba ni ba.

Abban Khalifa na fahimci zafin da kake ji, amma wannan ƙwayar ba irin farasitamol bace da za'a gwada a gani. A jikin kowace ƙwayar halitta akwai wasu abubuwa da ke bata umarnin ta girma ta rabu biyu, EGFR ɗaya ne daga cikinsu. A wasu masu kansar huhu sai a samu tangarɗa a rubutun gadon da ke ƙera shi, sai ya zama kamar totur ɗin mota ya maƙale a ƙasa, ƙafa bata kai amma mota sai gudu take. Aikin ƙwayar nan ta je ta saki wannan totur ɗin, shi kaɗai ta sani. In kansar Mama ba ta wannan hanyar take gudu ba, ƙwayar zata shiga jiki bata sami abin kamawa ba, sai gudawa da ƙuraje da kuɗin da suka tafi, cutar kuma tana ta tafiyarta.

Kuma an riga an gwada abinda kake cewa ɗin. A 2009 aka fitar da sakamakon wani babban bincike mai suna IPASS da akayi a gabashin Asiya, mutum 1,217 yawancinsu basu taɓa shan taba ba, wato irin Mama. Rabi aka basu Iressa, ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ke kama EGFR, rabi aka musu kemo. Da aka koma aka duba tsokar, waɗanda ke da tangarɗar EGFR kashi 71 cikin ɗari ƙarin ya motse da ƙwayar. Waɗanda basu da ita kuwa kashi 1 ne kacal, alhali takwarorinsu da aka yiwa kemo sun kai kashi 23. Ka ga wanda aka ba ƙwaya bisa hasashe an hana shi maganin da zai masa aiki kenan, kuma wata biyun da za'a ɗauka kafin a gane hakan sun fi sati ukun nan tsada nesa ba kusa ba.

Abban Khalifa:
To Likita ai kai da kanka kace irin Mama su suka fi samunta. Mace ce, bata shan taba, me ya rage?

Likita a Ingila:
Sun fi samunta, gaskiya ne, shi yasa ma nake da kyakkyawan zato. Amma ko a Sin da Japan da Koriya inda abin yafi yawa, kashi 40 zuwa 50 ne na masu irin wannan kansar, a Turawa kuwa 10 zuwa 15. Ko a inda yafi yawa ɗin kenan tamkar jefa kwabo ne. Sannan mara shan taba zai iya zama ba EGFR gare shi ba, wata tangarɗar ce daban irin ALK ko ROS1 ko RET, kuma ƙwayoyinsu daban ne da ta EGFR, ta ALK bata yiwa EGFR komai haka ta EGFR bata yiwa ALK komai. Ƙanwata ki tambayi likitanku ko za'a haɗa da ALK da ROS1 a tura sau ɗaya, saboda tsokar da allura ke ɗebowa yar mitsitsiya ce, in ta ƙare sai an sake huda ta.

Autar Mama:
Nagode sosai Likita Allah ya saka da alkhairi, na turawa Yaya bayanin nan. To amma a sati ukun haka zamu zuba mata ido? Abinda ke cin ransa kenan kuma nima yana cin nawa. Kuma har yanzu tana shan maganin tibin dan tun farko an ja mana kunne kar mu kuskura mu yanke kafin wata shida.

Malam na Famasi:
Tsaya tukuna yar uwa, wannan maganar ta ƙarshe da kika faɗa tafi komai muhimmanci a wajena. Cikin maganin tibi akwai rifampisin, shi ne wanda yake maida fitsari ja, kin lura da hakan ai. Shi wannan maganin yana sa hanta ta riƙa narkar da wasu magunguna da sauri fiye da ƙima, kuma ƙwayoyin EGFR ɗin nan, Tagrisso da Iressa da Tarceva, duk suna ciki. In aka haɗa shi da Tagrisso abinda ke saura a jini baya kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Wato da yayanku ya kawo ƙwayar jibi kun fara bata a kan maganin tibi, ko da tana da EGFR ɗin kusan zubar da kuɗin kukayi, sai kuce magani bai yi ba alhali hanta ce ta cinye shi. Kuma ko an tsayar da rifampisin yau tasirinsa baya barin jiki sai kamar sati biyu.

Kar ki yanke da kanki fa. Gobe goben nan ki kwashi duk magungunan da take sha a leda, har na hawan jini da na olsa da duk wani jiƙo, ki zube su gaban likitan kansar kice gasu, shi zai duba ko akwai tibin da gaske tare da kansar (yana faruwa) ko babu a tsayar.

Autar Mama:
Ya salam. Wlh bamu faɗa masa tana kan sha ba, mun ɗauka ya gani a kati. Da safe zan koma insha Allah.

Likita a Ingila:
Malam ya faɗi abinda ya kamata in fara tambaya. Kinga sati biyun ma dama dole ne a jira su. Kuma jiran ba zaman banza bane, a cikinsa ne za'a saita mata maganin ciwo yadda zata iya barci, in ruwan ƙirji ya dawo a sake zuƙewa, a duba hanta da ƙoda da gishirin jini, ayi awon bugun zuciya na ECG dan Tagrisso na iya taɓa shi, in da hali ayi hoton ƙwaƙwalwa. Bayan nan nata kuma ki sa masa ido sosai, in kika ga ƙafafunta sun fara sanyi ko nauyi, ko fitsari ya riƙe ko yana zuba bata sani ba, ko da tsakar dare ne ku tafi asibiti, alamar ƙarin na danne lakar baya ne kuma ana maganinsa da gashin na'ura in an zo da wuri. In kuma jikin ya rikice ba za'a iya jira ba, likita na iya fara kemo zagaye ɗaya kafin sakamako ya iso, ana yin haka. Akwai kuma gwajin EGFR ta jini da yafi saurin fitowa, in ya nuna akwai to akwai, in bai nuna ba sai an jira na tsoka dan yana iya kuskure ta.

Baba Alhaji:
Allah ya sawwaƙe. Ni dai abinda na sani duk wanda naji ance kansa mataki na huɗu to sai dai addu'a. Kamfanonin nan kasuwanci suke da ciwon mutane, su tatse iyali a saida gida a saida gona ƙarshe a kai mutum makwancinsa. Ku riƙe addu'a da sadaka da zuma da habbatus sauda, akwai masu sassaƙe da Allah ya basu sani. Shawara ce ta dattijo.

Malamin Firamare:
Baba da girmanka, ka bani dama in faɗi nawa dan ni abin a jikina yake ba labari naji ba. A 2013 cikina ya kumbura ɓangaren hagu, ina jiƙa zanin gado da gumi, na rame har ɗalibaina suna tambaya. Na sha sassaƙe wata biyar. Da akayi gwajin jini akace fararen ƙwayoyin jinina sun ninka na mai lafiya sau da yawa, saifata ta sauko har cibiya, sankarar jini ce da ake cewa CML. Ni ma sai da aka min gwajin gado aka tabbatar ina da abinda suke kira kuromozom ɗin Filadelfiya kafin a bani ko ƙwaya ɗaya. Daga nan aka tura ni asibitin koyarwa na Ile-Ife inda ake bada ƙwayar cutar mai suna Glivec kyauta ta hanyar gidauniyar Max, a can na haɗu da mutane daga Sakkwato da Maiduguri da Fatakwal kowa da fayil ɗinsa. Cikin wata biyu jinina ya daidaita cikin ya sace. Yau sama da shekara goma ina haɗiyar ƙwaya ta miligiram 400 kullum bayan tuwon dare da babban kofin ruwa, ina koyarwa, na aurar da ƙannena biyu. Yana da nasa wahalar, da safe idona kan kumbura, wani lokacin jijiyar ƙafa ta ɗaure min cikin dare, ga kuɗin mota zuwa Ife da kwanan hanya. Amma Baba addu'ar da nake yi ita ce Allah ya amsa ta wannan hanyar, ban taɓa ganin sun yi karo ba.

Baba Alhaji:
Masha Allah, Allah ya ƙara lafiya ɗana. Ban san da irin wannan ba. Amma kai kyauta ake baka, su fa?

Abban Khalifa:
To alhamdulillah ashe ana warkewa. Autar Mama kinji, in dai gwajin ya fito da kyau shikenan Mama ta tashi.

Likita a Ingila:
Anan sai na ɗan ja birki, dan bana so ƙanwata ta tafi da abinda ba haka yake ba. Labarin Malamin Firamare gaskiya ne kuma Glivec shi ne ya buɗe wannan ƙofar gaba ɗaya. Tun 1960 wasu masu bincike biyu a Filadelfiya, Peter Nowell da David Hungerford, suka hango guntun kuromozom ɗin a madubin lab, a 1973 Janet Rowley ta gano cewa na 9 da na 22 ne sukayi musayar ɓangare, sai 2001 Amurka ta amince da ƙwayar bayan aikin Brian Druker da kamfanin Novartis. Shekara 41 tsakanin gano matsala da samun magani. Amma CML a farkonta kusan da ƙafa ɗaya take tsaye, in ka share ƙafar ta faɗi, shi yasa masu shan maganin da kyau yawancinsu suke rayuwa kusan kamar kowa.

Kansar huhu da ta bazu ba haka take ba. Ƙwayar na danne ta, sau da yawa cikin sati biyu uku zakiga tari ya lafa mutum ya fara cin abinci yana fita, amma bata kashe ta duka. Cikin biliyoyin ƙwayoyin cutar akwai yan tsiraru da maganin baya kamawa, su ke saura su hayayyafa, kamar yadda kulorokwin yayi ta aiki shekaru a kan zazzaɓin cizon sauro sannan ya daina. Da Iressa da Tarceva, fiye da rabin waɗanda cutar ta dawo musu wata sabuwar tangarɗa ce mai suna T790M, dan ita aka ƙera Tagrisso aka amince dashi a 2015, daga baya a 2018 ya zama shi ake farawa dashi. A binciken FLAURA mai mutum 556, matsakaicin lokacin da Tagrisso ya riƙe cutar wata 18.9 ne, tsoffin ƙwayoyin 10.2, tsawon rayuwa kuma wata 38.6 da 31.8. Matsakaici fa nace, rabi sun wuce haka, ina da marasa lafiya da suka haura shekara biyar, wasu kuma basu kai shekara ba. Wani fifikonsa shi ne yana ratsawa cikin ƙwaƙwalwa, inda wannan cutar ke yawan zuwa. Rai na hannun Allah, amma a ilimin da muke dashi wannan riƙewa ce ba warkarwa ba.

Gwaggon Yara:
Tun ɗazu nake karantawa ina share hawaye, bari in sa baki. Yata, maigidana Allah ya jiƙansa irin wannan ciwon ne, shi ma sai da ya sha maganin tibi. An masa gwajin ya fito yana da ita, muka fara Iressa dan ita muka iya saye. Mutumin da sai an riƙe shi zuwa banɗaki, kafin wata guda ya koma masallaci da ƙafarsa. Wata goma sha uku muka samu masu kyau, yayi azumi, ya ɗaura auren babbar yarmu da bakinsa, ya zauna ya rubuta duk bashin da ake binsa da wanda yake bi, ya nemi gafarar yan uwansa ɗaya bayan ɗaya. Daga baya tarin ya dawo, aka koma kemo, bayan wata biyar Allah ya karɓi abinsa. Baba Alhaji yace ƙarshe makwanci ne, haka ne Baba dukkanmu can zamu, amma wata goma sha ukun nan ni na san abinda suka zame mana ni da yarana, ko yau akace in sake saida filin nan zan sake.

Kuskuren da mukayi wanda bana so ku maimaita shi ne lissafi. Mun ɗauka abin na wata biyu ne uku, muka zuba komai a farko, wata na takwas muka fara rasa na saye har ya riƙa sha yau ya tsallake gobe dan ya ja kwalin, bai faɗa min ba sai da na ƙirga. Ku zauna ku duka yayanta da kawunnanku tun yanzu, a rubuta wa zai kawo nawa duk wata, kuma ku faɗawa likita gaskiyar aljihunku kar kuji kunya.

Autar Mama:
Allah ya jiƙansa da rahama Gwaggo, yasa aljanna ce makomarsa. Maganarki ta shige ni wlh. Kuɗin ne ma abin tsoron, wanda Yaya ya samo yace nasa daga Bangladesh ake kawowa kuma yafi na kamfanin asali sauƙi sosai, shi ne nake tsoron ko jabu ne.

Malam na Famasi:
Ameen. Na asalin tsadarsa ta wuce misali, Likita zai faɗa miki farashinsa a can. Na Bangladesh kuma ba wai dan daga can yake ya zama jabu ba, ƙasar na cikin waɗanda dokar kasuwancin duniya ta ɗagawa ƙafa kan haƙƙin mallakar magunguna, shi yasa kamfanoninsu ke yin osimertinib, wato sinadarin da ke cikin Tagrisso. Matsalar ita ce hanyar da ya bi ya iso hannunki. Maganin da ya zo a jakar wani, ba rasit, ba a san inda ya kwana ba ko zafin da ya sha, ba kya da wanda zaki riƙe in ya zama alli ne. Duk magani mai tsada yan jabu na bin sa. Ku saya ta famasin asibitin ko wanda likitan ya sani, a duba lambar rukuni da ranar lalacewa a kwali da jikin sachet ɗin su zama ɗaya, ku ajiye kwalin kar a yar.

Sannan in aljihu bazai ɗauki osimertinib wata bayan wata ba, gefitinib da erlotinib, wato sinadaran Iressa da Tarceva, yanzu kamfanoni da yawa na yinsu, sunfi sauƙi nesa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka erlotinib cikin jerin muhimman magunguna tun 2019. Ni a ganina gara wanda za'a sha kullum ba yankewa da wanda za'a sha wata biyu a tsaya. Sai dai su biyun basa shiri da maganin olsa irin omeprazol, yana hana su narkewa a ciki, kuma erlotinib da cikin wofi ake shansa.

Likita a Ingila:
A nan farashin da aka rubuta fam 5,770 ne kwalin ƙwaya 30, gwamnati ke biya mara lafiya baya ganin lissafin. Na yarda da Malam, kuma duk likitan kansa da ke aiki a gida ya san wannan lissafin, bazai raina ku ba.

Ɗan Maraɗi:
Allah shi bata lafiya. Tambaya gareni Likita, tunda kunce abin a gado yake, su ɗiyanta fa? Su ma sai sun yi gwajin? Kuma mi ke kawo shi ga wanda bai shan taba?

Autar Mama:
Wlh kamar ka shiga zuciyata, Anti na tun jiya take wannan maganar tana kallon yaranta.

Likita a Ingila:
Ku kwantar da hankalinku. Kalmar gado ce ke ruɗarwa. Tangarɗar a cikin ƙarin kaɗai take, ta faru ne a huhun Mama a tsawon rayuwarta, ba da ita aka haife ta ba kuma bata ba ku ita ba, lafiyayyun ƙwayoyin jikinta basu da ita. Wanda ake gada daga iyaye daban ne, kamar BRCA a wasu masu kansar nono da ta ƙwan mace, shi ne ake kiran dangi a gwada. Ba kuma a ɗauka, ku ci a kwano ɗaya ku kwana ɗaki ɗaya. Dalili kuwa, hayaƙin itace da gawayi a rufaffen madafi na shekaru da zama kusa da mai shan taba da gurɓatacciyar iska duk suna ƙara haɗari, amma a mutum ɗaya ba mai iya nuna yatsa yace wannan ne. Kar Mama ta zargi kanta kar ku zargi kowa.

Maman Ƴan Biyu:
Ni tambayata ita Maman ta sani kuwa? Dan ni a ganina kar a faɗa mata, tsofaffin nan da sunji kansa sai su saki jiki, ace mata ciwon huhu ne kawai.

Autar Mama:
Bata sani ba Anti, Yaya yace kar wanda ya faɗa.

Gwaggon Yara:
A'a yata, ni ban goyi bayan wannan ba ko kaɗan. Shekara 58 ba tsohuwar da bata san ciwon kanta bace, ita ta haife ku fa. Tana ganin kuna shiga ɗaki kuna ƙus ƙus kuna fitowa da jan ido, kuna zaton bata gane ba? Maigidana da aka ɓoye masa sati biyu yace min abinda yafi ciwon zafi shi ne kowa na masa murmushin ƙarya. Tana da haƙƙin ta shirya tsakaninta da Ubangijinta da mutane. Kuma ita zata haɗiyi ƙwayar kullum, in bata san me take riƙewa ba ranar da taji sauƙi zata ce ta warke ta ajiye.

Maman Ƴan Biyu:
Hakane kuma Gwaggo, amma mutane sun bambanta, tawa kakar da aka faɗa mata ko abinci bata ƙara ci ba.

Likita a Ingila:
Duk biyun na gani. Abinda nake yi shi ne in tambayi mara lafiyar da kanta, Hajiya kina so in miki bayanin komai ko in yi da yaranki? Mafi yawa sai suce faɗa min, wasu suce yi da babban ɗana, kowanne aka bi zaɓinta ne. Ku samu wanda take jin nauyinsa, ƙaninta ko aminiyarta, ya zauna tare daku. Kuma zaifi sauƙi in labarin ya zo tare da abinda za'a yi a kai.

Autar Mama:
Salam yan uwa, na dawo da bayani kuyi haƙuri da shiruna kwana 19. Washegarin ranar na kai ledar magungunan, likita ya sake gwajin tibi bai nuna ba ya tsayar da maganin da kansa. Yaya ya yarda aka tura tsokar bayan ya karanta maganar Likita da ta Malam, shi ya biya ma. An mata gashi sau biyar a bayan, yanzu tana kwanciya ta gefe. Shekaranjiya sakamako ya fito, akwai EGFR, an rubuta irin tangarɗar wai exon 19. Kawu ne ya faɗa mata muna zaune, tayi shiru sannan tace dama ta sani tun ranar da aka zuƙe ruwan, jira take mu gaji da ɓoyewa. Mun zauna munyi lissafin da Gwaggo tace, mu shida da kawunnai biyu, zamu iya osimertinib ta famasin da likita ya haɗa mu dasu. ECG lafiya lau, jiya ta sha ta farko miligiram 80. Tambayarta ɗaya da tace in yi muku, azuminta na Litinin da Alhamis fa?

Malam na Famasi:
Alhamdulillah. Sau ɗaya ne a rana kuma ba ruwansa da abinci, dan haka in ta maida shi bayan isha'i kullum azumi bazai taɓa lokacin shansa ba, amma ta bari tukuna jiki ya saba kuma likita ya yarda, dan watan farko gudawa na yawan zuwa kuma ga zafi tana buƙatar ruwa. Ku tanadi ORS da maganin tsaida gudawa da zai rubuta. Kar a daka ƙwayar kar a tauna, in ta kasa haɗiya a jefa ta cikin ruwa kamar rubu'in kofi a juya ta watse ta shanye a ɗauraye kofin ta ƙara sha. In an manta kar a haɗa biyu. Duk wani sabon magani ko jiƙo a tambaya kafin ta sha, musamman na farfaɗiya.

Likita a Ingila:
Masha Allah, exon 19 tana cikin waɗanda suka fi jin maganin. Abu ɗaya ki rubuta ki manna a bango: in haki ya ƙaru kwatsam ko sabon tari ko zazzaɓi, a dakatar da ƙwayar a tafi asibiti ranar, kar ace bari a gani zuwa gobe. Mutum uku zuwa huɗu cikin ɗari maganin na kumbura musu huhu kuma in an kama da wuri ana shawo kansa.

Gwaggon Yara:
Alhamdulillah yata. Ki sayo man shafawa mai kauri mara turare ki riƙa shafa mata safe da dare tun kafin fatar ta fara bushewa, ki yanke mata farce a miƙe kar a shiga gefe, kuma ki hana ta wanki da wanke wanke dan gefen farcen kan kumbura yayi ciwo. Ki gaishe min da ita, kice Gwaggo tace ranar da za'a koma hoto ta tafi da wanda zai rubuta abinda likita ya faɗa.

Autar Mama:
Zata ji insha Allah Gwaggo. Hoton sai nan da sati takwas, ni zan rakata da littafina.